Ranar da Na Rina Ragar Zomaye

Har gobe ina kan bakana cewa zomo yana ganin farar raga. Abin da ya faru a gonar Yaya Usmanu bai ƙaryata ni ba, don ba a samu damar gwada maganata yadda ya kamata ba. Amma tunda mutanen unguwarmu ta Anbariyya sun ɗauki labarin kowa yana yi masa ƙari, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Sunana Ja'afaru. A Madina aka haife ni, kuma a lokacin ina tsaron kantin wani mutum, ina sayar wa alhazai darduma da carbi. Kakana marini ne daga Kano, da ƙafa ya zo aikin hajji, ya zauna bai koma ba. Ni ban taɓa ganin karofi da idona ba, ban taɓa tsoma ko hankici a ruwan baba ba, amma duk wanda ya zauna da ni ya san jikan marina ne, don ba na bari a tashi ban faɗa ba.

A shekarar ne aka shafa wa bangon gidan da muke haya jan fenti, alamar yana cikin waɗanda za a rushe. Mai gida zai karɓi diyyarsa, mu 'yan haya kuwa sai mu naɗe tabarmarmu. Ga matata Shafa'atu, ga 'ya'ya huɗu, duk inda na je neman ɗaki sai in fito ina sosa ƙeya. Abin ya hana ni sukuni ƙwarai, ko da yake a waje ina cewa gidaje ne ke bi na, ni ke zaɓe.

Yayan Shafa'atu, Usmanu, yana da gonar dabino a hanyar Khaibar, can bayan an fita iyakar harami, kuma a cikin gonar akwai gida mai ɗaki uku da ba kowa. Mutum ne mai tsadar magana, ina jin nauyinsa. Wata rana ya zo mana cin abinci, da aka kawo shayi sai ya dube ni.

"Abu Suhaib, zomaye sun dame ni a mazra'a, gonar nan tawa," in ji shi. A nan da sunan babban ɗansa ake kiran mutum, shi ya sa ake ce min Abu Suhaib. "Wanda ya riƙe gonar kafin ni ya bar su a keji, suka haƙa suka fita, suka hayayyafa. Yanzu sun cika ƙarƙashin dabinai da ramuka, suna cinye min na'ana'a. In ka raba ni da su, ka kwashe iyalinka ku koma gidan, ka riƙa duba min wurin."

Zuciyata ta yi fari, amma na haɗe fuska kamar mai tunanin ko zai samu lokaci.

"Akwai kejin tarko a sito," ya ci gaba. "Ka sa musu karas, kullum ka kama 'yan kaɗan. Kafin sanyi ya wuce sun ƙare."

"Yaya, ni ba na aikin kaɗan-kaɗan," na ce. "Rana ɗaya za a yi a gama."

Ya kalle ni, ya kalli ƙanwarsa, ya kurɓi shayinsa.

Dalilin da ya sa na cika bakin nan shi ne abokina Bature. Sunan ya bi shi ne saboda ya daɗe yana aiki da Turawa a Yanbu, har ya dawo da cokali mai yatsu a aljihun gaba. Da wani injiniya zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wata dabba da Larabawa ke kira nimis. Kamar tunku take, doguwa, siririya, amma fara fat da jajayen idanu. Bature ya sa mata suna Gishta, yana ba ta hantar kaza da ƙwai, yana yi mata wanka da sabulun jarirai. Shi ya taɓa ba mu labarin yadda ake farauta da irinta a can: a rufe bakin kowane rami da 'yar raga mai zarge, a saka ta ciki, zomaye su fito a guje su faɗa raga, zargen ya tsuke.

Na same shi da yamma a bencin da muke zama a bakin layi, na faɗa masa buƙatata a gaban kowa don ya ji kunyar hanawa.

"Ta taɓa farauta kuwa?" wani ya tambaya.

"Kakanninta mafarauta ne," in ji Bature.

"Ai magana ta ƙare," na ce. "Abu a jini yake. Ni ma kakana marini ne."

Bature ya daɗe yana juya carbinsa kafin ya yarda. "Da sharaɗi, ya sheikh. Da ni za a je, kuma yadda ta shiga haka za ta fito. Fara."

Raga ba ta ba ni wuya ba. A gonar akwai tarin ragar da ake ɗaure wa nonon dabino don tsuntsaye, na kwaso ta na yanka gunduwa-gunduwa, na zura wa kowace igiya a baki. Matsalar ɗaya ce, fara ce sol. Da na kawo ɗaya benci na nuna, sai na bayyana musu ilimin da ya zo min.

"Zomo daga duhu yake fitowa. Da ya hango fari a bakin rami zai ci birki ya koma. Dole raga ta zama launin inuwa."

Baba Muhyiddeen, wanda ya girme mu duka, ya shafa farin gemunsa. Idonsa ya yi rauni, amma bakinsa lafiya lau. "Ja'afaru, wanda mutuwa ke bin sa a baya ba ya tsayawa zaɓen launi. Ba kantin yadi ya shiga ba."

"Kore ya fi," in ji wani direban tasi. "Sai ya zaci ciyawa ce."

"In ya zaci ciyawa ce ai tsayawa zai yi ya ci."

"Bature, wane launi injiniyanka yake amfani da shi?"

"Wallahi ban tambaya ba. Ni dai na san ba ya rina komai."

"Saboda ba jikan marini ba ne," na ce, na naɗe ragata. "Ku bar magana a hannun masu ita."

A tsohuwar adakar mahaifiyata akwai wani ƙullin shuni da kakana ya taho da shi daga Kano, ba wanda ya taɓa kwance shi. Na ɗauko shi, na jira Shafa'atu ta tafi barka da yara, na zuba ruwa a injin wankinta, na juye shunin, na tura raga, na kunna. Injin ya yi ta juyi. Da na buɗe, ragar tana nan fara kamar yadda na sa ta, shunin kuwa ya kwanta a ƙasa abinsa. Wani zai karaya a nan, amma ni sai na tuna cewa rawanin da kakana ya bari yana da danƙo kuma yana ƙyalli. Na jiƙa ƙaro na zuba saboda danƙo, na ƙara kwalbar man zaitun saboda ƙyalli. A karo na biyu ragar ta fito shuɗiya har tana baƙi, tana sheƙi, tana maiƙo. Na tsaya ina kallon ta har ƙwalla ta taru min a ido, na yi wa kakana addu'a.

Na hau rufin gida na shanya ta a jikin ƙarfen da ya leƙa tsakar gidan ƙasa. Ban gama saukowa ba na ji muryar Mariyamu, maƙwabciyarmu ta ƙasa, wadda ko mai gida yana shakkar bakinta.

"Abu Suhaib, sama ce ke zubar da tawada, ko kai ne?"

Na leƙa. Zanin gadonta da fararen mayafanta suna kan igiya, duk sun yi ɗigo-ɗigo.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Hajiya. Asalin shunin Kano ne, a can mata kuɗi suke biya a yi musu wannan."

"To a can ka je ka yi musu. Ni ban yi oda ba."

"Da ya bushe kika kakkaɓe zai fita."

"In bai fita ba fa?"

"Ki zo gona ranar Juma'a ki ci naman zomo har ki ture."

"Zan zo," in ji ta. "Ba don naman ba."

Shafa'atu ta dawo ta ɗaga murfin injin, ta daɗe tana kallon cikinsa.

"Me ka wanke?"

"Ban yi wanki ba. Rini na yi."

"To shi injin wankin, wa zai wanke shi?"

Na ce mata in mun koma gona za ta manta da wannan ɗan abin. Ta ɗauko omo.

Kafin Juma'a na gayyaci benci gaba ɗaya, da dangin Shafa'atu, da nawa, da wasu da na haɗu da su a hanya kawai. Na aika wa mata cewa su dafa shinkafa a babbar tukunya, amma kada wanda ya sayi ko ƙashin nama, don zomaye suna nan suna jira. Da gangan na zaɓi bayan sallar Juma'a, don a taru da yawa a gani. Ban yi tunanin cewa ranar ce kowane namiji yake sa farar jallabiyarsa mafi kyau ba.

Abdou, ɗan Nijar da ke ba dabinai ruwa, shi ya zagaya da ni ya nuna min ramukan.

"Alhaji, ramun ga sun hi ragarka yawa," in ji shi.

"Sauran a toshe su da duwatsu."

"To wanga abu da ke ɗiga fa, mi ne ne?"

"Sirrin aikin ke nan."

Na tara mazan da suka riga zuwa, na miƙa wa kowa raga da fegi, na nuna musu yadda ake kafawa. Nan take tafin hannun kowa ya rine. Direban tasi ya ɗaga nasa yana kallo.

"Kada ka damu, da ka kakkaɓe ya tafi," na ce.

Suka kakkaɓe, wasu a cinya, wasu a ƙirji. Bai tafi ba, sai dai ya sauya wuri.

Ana cikin haka motar Yaya Usmanu ta tsaya, ya fito da Baba Muhyiddeen. Kowa ya san yadda muke gaisuwa a nan: babba in ya iso, sai an bi layi ɗaya bayan ɗaya, a kama hannunsa, a sumbaci kansa. Na farko ya yi dabara ya miƙa wuyan hannu. Baba bai san wannan ba, ya laluba ya damƙe tafin gaba ɗaya, ya jawo shi jikinsa ya bubbuga masa baya kamar yadda ya saba. Na biyu ya ɓoye hannunsa a baya.

"Kai ɗan wa ne da ba ka ba mutane hannu?" in ji Baba.

Ya bayar. Haka layin ya bi ta kansa har ƙarshe, kowa ya bar masa yatsu biyar a hirami ko a kafaɗa, shi kuma ya bar wa kowa nasa a gadon baya. Da ya gama, ya ce alhamdu lillahi, ya sa hannu biyu ya shafa gemunsa tun daga kunne har ƙirji. Yaya Usmanu ya kalli gemun, ya kalle ni, ya zura hannayensa biyu a aljihu, ya gaishe da jama'a da ka.

Na ga gara a shiga aiki. Na tsaya a tsakiyar dabinai na nuna ƙasa.

"Jama'a, ku duba da kyau. Wa ke ganin raga?"

Aka duba. Ƙasar wurin baƙa ce, ga inuwar dabino, ba abin da ake gani.

"Kun ji abin da nake faɗa muku a benci. Ko ni da na rina ta ba na ganin ta, balle zomo."

"Ɗayyib," in ji direban tasi. "To wane rami muka sa wa, wane ne ba mu sa wa ba?"

Na yi kamar ban ji ba, na kira Bature. Ya buɗe akwatin, ya ɗauko Gishta kamar jaririya, ya ajiye ta a bakin babban rami. Ta leƙa, ta shinshina, ta juyo ta shige hannun rigarsa. Ya sake ajiye ta, ta sake komawa.

"Ba ta saba da ƙura ba," in ji shi.

"Jinin ne bai motsa ba tukuna," na ce. Na sa hannu na tura ta ciki, ta shige da hoton tafina a gadon bayanta. Bature ya yi min wani kallo da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Muka zuba wa ramukan ido. Can sai muka ji ƙasa tana dukan uku-uku a ƙarƙashin ƙafafunmu, sai ga zomaye ta ko'ina. Yawancinsu ta ramukan da ba raga suka fito, waɗanda kowa ya zaci wani ya rufe. Waɗanda suka faɗa raga kuwa, man zaitun ya yi musu rana: igiyar ta yi santsi, ƙullin ya zame daga fegi, zomo ya wuce da ragarsa a jiki kamar ya ari riga.

"Ku tare su," na ce. "Kowa ya kama na kusa da shi."

Maza suka tattare jallabiya suka bazu. A nan ne aka gane ingancin rinina, don ragar da zomo bai ɗauka ba tana nan a kafe, kuma ba mai ganin ta. Direban tasi ne ya fara zuwa ƙasa, wani ƙanen Shafa'atu ya bi ta kansa. Wani malamin makaranta ya yi tsalle ya rungumo zomo har ya ce ya kama, zomon ya sulluɓe ta hammatarsa ya bar masa shuɗin layi tun daga ƙirji har gwiwa. Abdou ya bi wani da sanda har suka ɓace a bayan sito. Ɗaya kuma ya miƙe da ragarsa sai rumfar mata, ya bi ta kan tabarma, ya zagaya tukunyar shinkafa. Mariyamu ta kai masa duka da ludayi ta samu butar shayi. Daga nan sai dariyar mata, irin wadda in ta fara ba ta tsayawa, muna jin ta har cikin dabinai.

Da ƙura ta lafa, aka taru ana haki. Baba Muhyiddeen yana zaune a kan kujera yana tambaya.

"Nawa aka kama?"

"Ana kan tattarawa, Baba," na ce.

Ko ɗaya ba a kama ba. Kuma Gishta ba ta fito ba.

Bature ya kwanta rub da ciki, ya sa baki a rami yana kira. "Ta'ali ya Gishta, ta'ali." Ya kira da Larabci, ya kira da Hausa, ya kira da abin da ya tsinto a Yanbu. Ya fito da hantar kaza daga aljihu yana kaɗawa a bakin ramin. Shiru. Ya ɗago kai, ƙasa ta manne masa a goshi.

"Ja'afaru, in wani abu ya same ta, ni da kai khalas."

"Kwantar da hankalinka. Na san daidai inda take."

Ban sani ba. Na ɗauko diga, na zaɓi wani wuri da ƙasarsa ta ɗan tasa, na ce kowa ya matsa. Na ɗaga na sara sau ɗaya, na ji taushi. Na sara na biyu da dukkan ƙarfina. Tudun nan ashe babban bututun ban ruwa ne aka binne. Ruwa ya tashi sama ya wuce tsayin mutum, ya dawo mana a ka.

Kafin ruwan nan, abin yatsu-yatsu ne a jikin riguna, mai haƙuri zai iya cewa ado ne. Da ruwa ya sauka sai komai ya narke ya gangaro, daga hirami zuwa fuska, daga kafaɗa zuwa ƙafa. Maza sun fi ashirin a tsaye, ba mai sauran fari a jikinsa. Ruwan ya bi ƙasa ya wanke ragar da muka rasa, ya kwashi shuni da mai ya bi magudana, ya malale a fangalin na'ana'ar da aka kira ni in cece ta. Abdou ya dawo a guje ya kashe inji, ya tsaya yana kallon mu.

"Alhaji, ni dai na tahi na bar ku hwarhwaru ne," in ji shi.

Sai muka ji wani ɗan kuka a bayanmu. Wata raga guda, Allah Ya sa, ƙullinta ya riƙe, kuma ta kama abu. Yana ta birgima a ciki, jiƙe sharkaf, shuɗi tun daga hanci har wutsiya. Na ruga na ɗaga shi sama don kowa ya shaida.

"Kun gani? Raga ta yi aiki. Ko Gishta ba ta gan ta ba ta faɗa."

"Wannan ba tawa ba ce," in ji Bature.

Na kwance zargen. Dabbar ta yi tsalle ta haye kafaɗarsa, ta cusa kai a wuyansa, ta lalubo hantar da ke hannunsa. Bature ya tsaya ƙiƙam.

"Na ce maka fara."

"Ai farin yana nan, ya sheikh. Yana daga ƙasa."

Ya lulluɓe ta da hiraminsa ya tafi gindin wani dabino ya juya mana baya.

Baba Muhyiddeen kuwa ya gaji da yadda kowa ke kauce wa kallon sa, ya ce wai me ke faruwa. Maza suka yi ta 'yan kame-kame. Mariyamu ce ta aiko masa da madubin jakarta daga rumfa. Ya kai shi dab da ido, ya juya kai dama, ya juya hagu.

"Shekara da shekaru ina tara furfurar nan," in ji shi a hankali. "Ja'afaru."

"Na'am, Baba."

"Yanzu ka tabbata zomo ba zai gan ni ba?"

Waɗanda suke ta danne dariya tun isowarsa a nan suka sake ta, har da masu zama a ƙasa.

Abinci kuwa dole a ci, tunda an taro mutane. Aka juye shinkafa a manyan faranti, fara, ba ko ƙashi. Abdou ya kawo gwangwanin kifi biyu daga ɗakinsa, aka raba su ba a san inda suka shiga ba. An wanke hannu da omo, an goge da ƙasa, amma duk wanda ya sa hannu a faranti sai gabansa ya rine, dole aka rarraba leda kowa ya ɗaura. Bature kaɗai ya ci abincinsa cikin mutunci, da cokalinsa na aljihu, can nesa da ni. Mariyamu ta leƙo ta bayan rumfa.

"Abu Suhaib, na ture kamar yadda ka ce. A kai sauran naman ina?"

Bayan la'asar motoci suka fara tafiya, kowa ya shimfiɗa jarida a kan kujera kafin ya zauna. Ni na koma wurin bututun na tsuguna kamar mai duba gyara, alhali ba na ganin komai. A nan dariya ta ƙare min. Na tuna jan fentin da ke bangonmu, na tuna yara, na tuna yadda na ce musu kowa ya zaɓi dabinon da zai zama nasa. An miƙo min gida a hannu na sa ƙafa na shure, kuma ban san da wane ido zan kalli Shafa'atu ba.

"Abu Suhaib."

Yaya Usmanu ne, yana tsaye a ƙofar gidan gonar, jallabiyarsa kaɗai ta tsira a ranar. Shafa'atu tana gefensa. Na taso ina shirya kalmomin ban haƙuri, har da na ban haƙurin na'ana'a daban. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli. Ban san lokacin da hannuna ya miƙe ba. Ya kalli hannun, shuɗi har gwiwa, ya zagaye shi, ya sa makullin a tafin ƙanwarsa.

"Ga shi," ya ce mata. "Na yi yadda kika ce, kin dai ga abin da ya biyo baya. Bututun kuma a kira mai gyara, kada mijinki ya taɓa."

Ya shiga motarsa ya tafi. Na juya wurin Shafa'atu.

"Yadda kika ce? Me kika ce?"

Ta sa makulli tana kokawa da kwaɗon, don ya yi tsatsa.

"Tun ranar da aka shafa mana fenti Yaya ya ce in zo in karɓa," in ji ta. "Ni na ce a'a. Na san in aka ba ka haka kawai, za ka ce ba ka zama a gidan surukai, mu kwana a titi. Shi ne na roƙe shi ya nemo maka wani ɗan aiki mai sauƙi, karas da keji, don ka ce kai ka samo mana, ka shiga da kanka a sama."

Na nemi abin faɗa na rasa, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Kwaɗon ya buɗe, ta tura ƙofar da kafaɗa, ta shiga, ta waiwayo ta ga ina tsaye a inda nake ruwa yana ɗiga daga rigata.

"Shigo mana, Abu Suhaib. Amma ka sunkuya, ƙofar gajeriya ce. Kuma kada ka dafa bango."

Na ɗaga hannayena sama-sama, na sunkuya, na shiga.